Yadda ake rataye abinci don gudun beyar a dajin Yellowstone

Ana yawan tambayar yadda ake hana beyar, wata ƙatuwar dabbar daji mai haɗari, kaiwa ga abinci, to ga yadda masu kwana a wannan daji na Amurka ke yi.

1. Kafa tantinka yadi 100 daga wurin girki.
2. Zuba duk mai ƙamshi a jaka ɗaya: abinci, shara, sabulu, har man goge baki.

Hattara, nan ake kuskure. Hancin beyar ya fi na kare, alawa ɗaya a aljihu ta isa ta kawo shi bakin tanti.

3. Ɗaura ɗan dutse a bakin igiya.
4. Jefa shi ya tsallake sandar da aka gitta can sama don rataye abinci, ko reshe mai ƙwari.
5. Sauya dutsen da jakar.
6. Ja ta sama ƙafa 10 daga ƙasa, ƙafa 4 daga jikin bishiya.
7. Ɗaure ɗaya bakin igiyar tamau.