Kafin ka sayi tankin mai na tsohuwar Land Cruiser

Tankin da ya fara jiƙewa ta ƙasa, kada ka ɓata lokaci kana liƙe shi da sabulu. Daga ciki tsatsa take cinsa, saboda ruwan da ke biyo man duro a gindi yake kwantawa. Hujin da ka gani a waje yana da 'yan'uwa da ba su ɓullo ba tukuna. A garejinmu nan Garwa, in tanki ya kai haka sauke shi muke yi.

Rubuta lambar shasi kafin ka nufi masu kayan kwance, in da hali ma ka tafi da tsohon tankin. Mai sayarwa zai ce maka, "Alhaji, ai duk ɗaya ne." Ba ɗaya ba ne. Land Cruiser samfurin HZJ75 da aka yi daga 1990 zuwa 1999 da HZJ79 da ta gaje ta sun yi kama a ido, amma ta biyun ta fi nisa tsakanin tayoyin gaba da na baya da santimita 20. Ajiye tankunan biyu kusa da juna, ka gwada wuyan zuba mai da wurin ɗauri da bakunan tiyo. Injin gazuwal (dizal) na 1HZ da ke cikin waɗannan motocin yana son tiyo biyu, ɗaya mai kai mai, ɗaya mai dawo da ragowa. Ka duba kuma ko gejin cikin tsohon tankinka zai zauna a ramin wannan, in ba haka ba allura za ta nuna maka rabi alhali man ya ƙare tsakanin Mora da Waza.

Sai ciki. Kwance gejin, ka haska tocila (fitila mai wuta ko ashana kada su kusanci wurin). Ɗan jan tsatsa sama-sama yana wankuwa. In ka girgiza ka ji ɓarɓashi na gudu kamar tsakuwa a gwangwani, bar musu kayansu. Ni sabon baƙin fenti a jikin tsohon tanki ya fi ba ni tsoro, don galibi walda ake ɓoyewa. Toshe bakunan, a hura iska kaɗan, a shafa ruwan omo a kan ɗinkin; duk inda kumfa ta tashi, yoyo ne. Kaɗan na ce. Cikakken ƙarfin injin iska kumbura tanki yake yi.

Ni dai na ƙarfe na asali na fi so. Na roba ba ya tsatsa, sai dai in dutse ya tsaga shi gyaransa da wuya. Na alminiyam ba shi da nauyi, amma gargada kan tsaga shi a bakin walda. Wanda maƙera ke haɗawa da ƙarfe mai rufin zinki, irin na kwanon rufi, kada ka zuba masa gazuwal: man yana cin zinkin, dattin ya je ya toshe filta da nozul.

Masu tafiyar Abeche ko Faya kan nemi tanki mai girma, kuma da hujjarsu, gidajen mai sun yi nisa da juna. Amma ƙarin lita 90 na gazuwal kilo 75 ne ko kusa, ban da nauyin ƙarfen, kuma sifirin ne zai ɗauka. Tambayi ko akwai shinge a ciki mai hana man tambal-tambal, ka tabbata cikinsa bai sauko ƙasa da shasi ba.

Wajen ɗaurawa, a sa sabuwar roba tsakanin tanki da ɗamararsa, a canja tiyo da filta. Busa tiyon numfashi ka ji ya buɗe, domin zanzaro na son cusa masa laka, kuma in ya toshe, zafin Afrilu kumbura tankin zai yi ko mota ta riƙa shaƙewa a hanya. Tankin da ya taɓa ɗaukar fetur, ko na gidan mai ko zuwa-zuwa, wato wanda ake sayarwa a bakin titi, kada yaron gareji ya kai masa wutar walda don ya ga babu mai a ciki. Tururin ne ke fashewa.