Kurakuran da aka fi yi wajen zaɓen tayoyin hunturu a ƙasashen sanyi

Duk wanda karatu ko neman abinci ya kai shi Kanada, Jamus ko arewacin Amurka, Allah kuma ya hore masa mota, da zarar Oktoba ta kama zai fara jin maƙwabta suna tambayar juna ko an canja taya. Baƙo yakan ɗauka wata dabarar tatsar kuɗi ce kawai, tunda tayoyin da ke ƙafar motarsa sababbi ne ful, zanensu bai ko fara cinyewa ba. Wannan tunanin shi ne kuskuren farko.

Babban abin da ya raba tayar hunturu da ta bazara shi ne robar da aka yi su da ita. Idan sanyi ya sauko ƙasa da digiri 7, robar tayar bazara takan fara sandarewa kamar man shanu da safiyar hunturu, sai ta daina lafewa a jikin kwalta. Ba sai dusar ƙanƙara ta zuba ba, ko titi a bushe yake birki zai ƙara nisa kafin mota ta tsaya. Ita tayar hunturu an haɗa robarta yadda za ta zauna da laushi ko da sanyi ya wuce digiri 20 ƙasa da sifiri. Ka tsuguna gaban ɗaya a shago, ka danna babban yatsanka a kan zanen. Za ka ga kowane haƙori an tsattsaga shi da ƙananan tsagu masu kwana-kwana, suna buɗe baki idan ka danna, suna rufewa idan ka saki. Waɗannan tsagun su ne ke cizon ƙanƙara, su kuma tsotse ɗan siririn ruwan da ke kwance a samanta, wanda shi ne asalin santsin.

Daga nan sai ruɗanin alama. Mutane da yawa suna ganin haruffan M+S a gefen taya sai hankalinsu ya kwanta. Alhali waɗannan haruffa ba sa nufin an gwada tayar a kan dusar ƙanƙara, sun fi nuna fasalin zanenta ne kawai, kuma yawancin tayoyin da ake cewa na kowane lokaci suna ɗauke da su. Alamar da za ka nema ita ce hoton dutse mai tsini uku da ƙwayar dusar ƙanƙara a cikinsa. Taya ba ta samun wannan hoton sai ta ci jarrabawar riƙe ƙasa a kan dusar. A Jamus, tun daga 1 ga Oktoba 2024, tayar da ke da M+S kaɗai ba ta cikin lissafin tayoyin hunturu, kuma wanda aka kama yana tuƙi da ita a kan ƙanƙara zai biya tarar Yuro 60, a kuma rubuta masa maki ɗaya a kundin laifin tuƙi. A lardin Kebek na Kanada doka ta wajabta tayoyin hunturu daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris, tarar kuwa daga dalar Kanada 200 zuwa 300 ce.

To, a ce ka gane alamar. Kuskuren da ya fi damuna yana gaba, domin har waɗanda suka daɗe a can suna faɗawa cikinsa: mutum ya shiga intanet ya nemi tayar hunturun da ta fi kowace kyau, ya ga wadda ta zo ta ɗaya a wani gwaji, ya biya. Ba ya tsayawa ya tambayi kansa wane irin hunturu aka gwada ta a ciki, wane iri kuma yake kwana ya tashi a cikinsa.

Tayoyin hunturu marasa ƙusa, wato waɗanda ba a dasa wa zanensu ƙananan ƙusoshin ƙarfe ba, gida biyu ne, kuma duka suna ɗauke da hoton dutsen nan. Gida na farko an yi shi ne saboda ƙasashe irin su Finlan, Suwidin, Norwe da tsakiyar Kanada, inda titi kan yi watanni a lulluɓe da daskararriyar ƙanƙara. Nokian Hakkapeliitta R5, Bridgestone Blizzak WS90, Michelin X-Ice Snow da Continental VikingContact duk 'yan wannan gida ne. Robarsu laushi gare ta ƙwarai, tsagunsu kuma ba sa ƙirguwa. Ka je mahaɗar titi a Winnipeg ko Edmonton na Kanada da sassafe a watan Janairu, daidai inda motoci ke tsayawa a danja. Tayoyin da suka yi ta murzawa a wurin sun goge ƙanƙarar har tana sheƙi, mai tafiya da ƙafa ma sai ya yi a hankali. A irin wannan wuri tayar gidan farko ce za ta tsayar da kai kafin layi, wata kuwa sai ka ji birki yana kakkarwa a ƙarƙashin ƙafarka, mota na ci gaba da sulalewa cikin mahaɗar.

Amma wannan riƙon ba kyauta aka samo shi ba. Laushin da ya ba ta damar kama ƙanƙara shi ne ke sa haƙoranta su riƙa lanƙwasa idan titi ya bushe ko ruwa ne kawai a kansa. Sai ka ji sitiyari ya yi sako-sako, ka juya shi mota ta ɗan yi jinkiri kafin ta bi, a kwana kuma ta riƙa lilo. Birki a jiƙaƙƙen titi ma yakan fi tsawo.

Gida na biyu an yi shi ne saboda hunturun tsakiyar Turai, irin na Hamburg ko Frankfurt a Jamus, inda sanyi ke kai-komo kusa da sifiri, yau ruwan sama, gobe dusa mai narkewa ta zama caɓi, an watsa gishiri a titi, ga kuma manyan hanyoyi da ake sheƙa gudu. Continental WinterContact, Michelin Alpin da Pirelli Sottozero suna nan. Robarsu ta fi tauri, manyan kwarin zanensu suna kore ruwa da caɓi da sauri, sitiyari yana amsawa nan take. A kan zallar ƙanƙara kuwa ba sa kamo ƙafar na farko.

Saboda haka wanda ke zaune a Saskatoon, can tsakiyar Kanada, ya sayi tayar gida na biyu don ya ga wata mujallar Jamus ta yabe ta, ya yi kuskure mai haɗari. Wanda ke Hamburg ya ɗauko ta gidan farko don ya ji an ce ita ce ta gaske, shi ma ya yi kuskure, don ya sayi riƙon ƙanƙarar da ba ya gani sai jefi-jefi, ya sarayar da birkin ruwan sama da yake buƙata kusan kullum. Gyaran shi ne ka duba hanyar da kake bi zuwa aiki ko makaranta. Ana share ta da wuri? Ana zuba gishiri? Da asuba kake fita ko sai rana ta ɗaga? Akwai gangara ko gada? Ni dai a ganina, idan kana tsaka-tsaki, kamar mazauna Toronto da ke samun duka biyun, ka karkata wajen ranar da ta fi muni a shekararka. Sitiyari mai ɗan laushi ana sabawa da shi cikin mako guda, a rage gudu a zauna lafiya. Motar da ta ƙi tsayawa a kan ƙanƙara kuwa ba abin da direba zai iya yi mata.

Akwai hanyoyi biyu masu sauƙi na gane gidan da taya ta fito. Harafin ƙarshe a jerin lambobin gefenta yana nuna iyakar gudunta: R kilomita 170 a sa'a, T 190, H 210, V 240. Tayoyin gidan farko galibi R ne ko T, wasu H, na biyu kuwa sun fi zuwa da H ko V. Sannan tun watan Mayun 2021 takardar da Tarayyar Turai ta wajabta a liƙa wa sabuwar taya tana iya ɗaukar wani hoto na daban mai nuna tsinin ƙanƙara, wanda ake bai wa tayar da ta ci gwajin birki a kan ƙanƙara.

Tayoyi masu ƙusoshi fa? Ba su da na biyu a kan ƙanƙara mai sheƙi, musamman idan ta fara narkewa sama-sama. Amma suna da ƙara, suna cin kwalta, kuma a busasshen titi ba su fi sauran ba. Kuskuren a nan shi ne saye ba tare da duba dokar gari ba. Jamus ta hana su. A Ontariyo ta Kanada mazauna arewacin lardin kaɗai aka yarje wa. Kebek ta yarda da su daga 15 ga Oktoba zuwa 1 ga Mayu. A Oslo, babban birnin Norwe, kuwa sai ka biya haraji kafin ka yi yawo da su a cikin birni.

Yanzu batun da aljihu ke jawowa. Ɗalibi ya duba kuɗin taya huɗu ya ga sun yi masa yawa, sai ya ce bari ya sa biyu a gaba, tunda gaba ne ke jan motar. Don Allah kada ka yi haka. Gaba zai riƙe ƙasa, baya ba zai riƙe ba, ranar da ka taka birki a kwana sai bayan motar ya zagayo, kafin ka ankara kana fuskantar inda ka fito. Idan kuma a baya ka sa su, ka juya sitiyari mota ta miƙe abinta. Huɗu ake sawa, iri ɗaya, girma ɗaya. Tsadar ma ba ta kai yadda ake gani ba, domin duk watannin da na hunturu ke aiki, na bazara suna hutawa a ɗaki, kowanne zai ƙara daɗewa. A Ontariyo tun 2016 doka ta sa kamfanonin inshora su yi wa mai tayoyin hunturu rangwame, sai dai kai za ka kira ka sanar da su.

Masu manyan motoci masu jan ƙafa huɗu su ma suna da nasu ruɗin. Jan ƙafa huɗu yana taimaka maka ka tashi daga inda ka tsaya, ka hau tudu. Wajen tsayawa ba ya ƙara komai, kowace mota da ƙafa huɗu take birki. Abin tsoron ma shi ne motar tana tashi garau, sai direba ya manta titin na da santsi.

Wajen girma, mutane sun saba ganin taya mai faɗi ita ce mai kyau. A cikin dusa mai zurfi da caɓi, wadda ta ɗan fi siranta ta fi yanka ta ratsa har ta taɓa ƙasa, mai faɗi kuwa takan hau samansa ta yi iyo. Shi ya sa da yawa ke sayen ƙaramin wili na ƙarfe daban don hunturu, da taya mai ɗan tsayin gefe, wadda ta fi jure ramukan da sanyi ke fasawa a titi. Sharaɗin shi ne ka tsaya kan girman da kamfanin motar ya amince da shi, kuma lambar nauyin da taya ke ɗauka kada ta gaza wadda aka rubuta a jikin ƙofar direba.

Tayoyin gwanjo suna cika kasuwannin intanet a kowace kaka, kuma ba duka ne marasa kyau ba. Sai dai araha ba ta ado, abu biyu za ka duba da idonka. Na farko zurfin zane. Doka a Jamus ta tsaya a milimita 1.6, a Suwidin da Finlan 3, a Ostiriya 4. Tayar hunturu da ta sauko ƙasa da milimita 4 ta riga ta rasa yawancin ƙarfinta a kan dusa, ko da doka ba ta kama ka ba. Na biyu shekaru. Ka nemi inda aka rubuta DOT, lambobi huɗun ƙarshe su ne mako da shekarar da aka yi ta, misali 3521 na nufin mako na 35 a 2021. Roba tana bushewa da tsufa, tayar da ta haura shekara shida ko da zanenta na nan cif, laushin da ka biya kuɗi dominsa ya soma tafiya.

Bayan an ɗaura ma da sauran aiki. Yawancin tayoyin hunturu suna da kibiya a gefe mai nuna inda za su juya, ka tabbata ba a juya maka su baibai ba. Ka koma a ƙara ɗaure notocin bayan tafiyar kilomita 50 zuwa 100. Iska kuma tana raguwa da sanyi: a gejin da ke nuna 32 ko 35, kusan lamba ɗaya ke sauka duk lokacin da sanyi ya ƙaru da digiri 5 ko 6. Wanda aka buga masa iska a cikin gareji mai ɗumi ya fita cikin tsananin sanyin Janairu zai iya rasa lamba shida bai sani ba, ya zo yana zargin tayar da rashin daidaito. A auna da safe kafin mota ta motsa, aƙalla sau ɗaya a wata.

Kada ka jira dusar farko kafin ka nemi layi a gareji, ranar kowa ke tunawa, kuma girman da kake nema shi ke fara ƙarewa. Jamusawa suna da ƙa'idar da suke bi a saukake: daga Oktoba zuwa Ista. Idan zafi ya dawo kuma a cire su, don a kan kwalta mai zafi robar nan mai laushi cinyewa take yi da sauri, birki ya ƙara tsawo, mota ta yi ta lilo. A wanke su, a rubuta wa kowace gefen da ta fito da alli, a ajiye inda rana ba ta bugu.

Wannan maganar ta ƙarshe ta shafi har wanda bai taɓa ganin dusar ƙanƙara ba. Cikin tayoyin gwanjon da ke shigowa kasuwanninmu daga Turai akwai na hunturu da masu su suka yar, kuma zurfin zanensu yana jan idon mai saye. Hukumar kiyaye haɗurra ta Najeriya ta daɗe tana jan kunne kan tayoyin gwanjo gaba ɗaya. Idan ka je wajen mai taya a Kano ko Maraɗi ka ga hoton dutsen nan mai tsini uku a gefen wadda ya miƙo maka, ga ƙananan tsagu birjik a haƙoranta, ka mayar masa da ita ka ce ya ɗauko wata, don ba a yi ta domin kwaltar watan Afrilu ba.