Yadda ake tunkarar gobarar sinadaran da ke ciyar da wuta

Darasin farko da ake koya wa sabon ɗan kwana-kwana shi ne wuta ba ta rayuwa sai da iska, in ka toshe mata iska ta mutu. Haka abin yake a gobarar katifa, da ta mai a kasko, da ta janareto. Amma akwai wasu kaya, na gari ko tsaki-tsaki ko ƙwaya, waɗanda da zarar zafi ya taɓa su sai su riƙa sakin iskar oksijin daga jikinsu. Su kansu ba su cika kamawa ba, sai dai duk abin da ke kusa da su, buhu ne ko katako ko taya, zai ci da ƙarfin da ba a saba gani ba. Wutar da ta zo da guzurin iskarta ba a shaƙe ta. Sabon ma'aikaci kuwa hannunsa kan kai ga tukunyar hoda ko kumfa ko shebur ɗin yashi tun kafin ya yi tunani.

Kada ka ɗauka kayan nan sai a manyan masana'antu. A Zariya, wanda za ka fi haɗuwa da shi shi ne kulorin na gari, wanda masu harkar ruwa ke kira HTH, a durom ko bokitin roba, a gidajen fiya-wata da shagunan sinadarai. Akwai famanganet, garin nan mai launin shunayya da masu kiwon kaji ke turara keji da shi. Akwai takin naitiret na masu lambu. Sannan akwai babban, amoniyam naitiret, wanda masu fasa dutse ke amfani da shi, kuma tirela na iya ratsowa da shi ta hanyar Kaduna zuwa Kano.

Mataki na farko: tsaya nesa ka san kayan

Ka ajiye mota ta inda iska ke fitowa, kuma a tudu in akwai. Da hunturu iskar Zariya daga arewa maso gabas take kaɗawa, da damina daga kudu maso yamma, amma kada ka dogara da wannan, dubi inda hayaƙi ya karkata. Ka juya kan motar ya fuskanci hanyar fita tun kafin a sauke mesa.

Alamar da kake nema tambari ne rawaya, da zanen harshen wuta a kan da'ira, da lamba 5.1 a ƙasa. In akwai lamba huɗu a jikin buhu ko durom, ka karanta: 1942 da 2067 amoniyam naitiret ne, 1748 da 2880 kulorin na gari, 2468 kulorin na ƙwaya, 1490 famanganet, 1486 fotasiyam naitiret. Ka rubuta su a kati ka manna a gaban mota, ba zai ci maka ko naira ɗari ba.

Sai dai motoci da sito-sito da yawa ba su da tambarin komai. Saboda haka ka nemi direba, ko yaron mota, ko mai gadi, ko 'yan dakon da suka yi lodi. Ka karɓi takardar kaya ka karanta da idonka. Tambaya huɗu ce: mene ne a ciki, nawa ne, me aka ajiye kusa da shi, kuma tun yaushe wutar ke ci. In an ce maka "taki ne," ba a amsa maka ba tukuna. Yuriya ba ta cikin wannan rukuni, ko da yake in ta yi zafi tana fitar da amoniya mai yaji a ido da maƙogwaro. NPK kuwa iri-iri ne: wanda aka haɗa da yuriya daban, wanda ke da naitiret a ciki daban. A kawo maka buhun da babu komai a ciki ka duba. In ba a samu wanda ya sani ba, ka ɗauke shi a matsayin mafi haɗarin.

Mataki na biyu: kore mutane, da awo ba da ido ba

Littafin jagorar gaggawa na ERG, wanda hukumomin sufuri na Amurka da Kanada da Meziko ke fitarwa, ya ware jagora mai lamba 140 don irin waɗannan kaya. In gari ne ya zube babu wuta, a killace aƙalla mita 25 ta kowane ɓangare. In zubewar mai yawa ce, a janye mutanen da ke ɓangaren da iska ke nufa aƙalla mita 100. In mota ko tanka mai ɗauke da kayan ta kama, mita 800 ta ko'ina. In amoniyam naitiret ne a motar, mita 1600.

Ka kwatanta mita 800 daga gadar Kwangila, ka ga shaguna da tashoshi da gidajen da ke ciki, za ka san ba aikin mutum biyar ba ne. Tun kiran farko ka nemi 'yan sanda da jami'an hanya su tare titi daga nesa, ka aika wa mai unguwa, a yi shela a lasifikar masallaci. 'Yan kallo masu ɗaga waya da 'yan acaɓa ba sa jin "ku matsa baya". Ka gaya musu ƙarara cewa abin zai iya fashewa, ka nuna musu inda za su tsaya.

Mataki na uku: a shiga ko a janye

Nan ne aikin yake, kuma nan ne aka fi rasa mutane. Tambaya ɗaya za ka amsa cikin minti ɗaya ko biyu: wutar ta isa kayan, ko tana kusa da su ne kawai?

In taya ce ke ci, ko kan tirela, ko shagon da ke maƙwabtaka, kayan kuma ba su taɓu ba, to ka afka wa wutar da sauri da ruwa, ka sa mesa ta biyu tana sanyaya bango ko jikin motar da ke tsakani. Wannan wuta ce ta yau da kullum, kuma kowane minti da ka ɓata yana kusantar da ita ga abin da ba ka so.

In kuwa wuta ta riga ta shiga tarin amoniyam naitiret, magana ta sauya. Yana narkewa a wajen digiri 170, in ya haura 200 sai ya fara ruɓewa yana fitar da hayaƙi mai guba. Abu uku ke mayar da shi bam: zafi, da matsi a rufaffen wuri, da gurɓata da man gas ko baƙin mai ko makamantansu. A tirelar da ta kama, ukun duk sun haɗu, domin tankin man yana nan ƙarƙashin kayan. In ka ga hayaƙi ruwan goro ko ja-ja mai duhu, ko ka ga kayan na narkewa suna gangarowa, ko ƙarar wutar ta sauya, ka janye kowa. Ba sai ka ga waɗannan alamu ba ma: wuta babba a kan tari babba ta isa hujja. Ka bar mesa a ƙasa, kada a tsaya naɗe ta.

Sababbin ma'aikata kan ga janyewa kamar abin kunya ne, musamman ga jama'a a tsaye suna cewa "ga ruwa, me kuke jira?" ga mai kaya yana kuka. Ka tuna abin da ya faru da waɗanda suka tsaya. A garin West na jihar Texas a Amurka, ranar 17 ga Afrilu 2013, sito na taki ya fashe kimanin minti 20 bayan an kai rahoton gobara. Mutum 15 suka mutu, 12 daga cikinsu masu kai ɗauki ne. A tashar jiragen ruwa ta Beirut, ranar 4 ga Agusta 2020, an tura tawagar kwana-kwana ba tare da an gaya musu tan 2,750 na amoniyam naitiret aka jibge a rumbun ba. Babu wanda ya dawo a cikinsu, kuma fiye da mutum 200 suka rasu. Ba rashin jarumta ya kashe su ba, rashin sanin abin da ke bayan ƙofa ne da kuma kusanci.

Kuma kada wani ya ce a ja motar a kai ta bayan gari. Kayan da suka riga suka sha zafi ba a motsa su, ba a kuma motsa motar da ke ɗauke da su.

Mataki na huɗu: ruwa kawai, kuma mai yawa

Ba hoda, ba kumfa, ba yashi a kai, ba jiƙaƙƙen bargo, ba tamfol. Tukunyar iskar kabon ma abin da za ta yi kaɗan ne. Dukansu aikinsu raba wuta da iska, ita kuwa wannan iskarta na ciki. Abin da ya fi muni, rufewa na tara zafi. A 1947, a Texas City, jirgin ruwa Grandcamp ya kama da amoniyam naitiret a cikinsa, aka rufe ƙofofin rumbun aka tura tururi don a shaƙe wutar. Jirgin ya fashe, kusan mutum 600 suka mutu, har da kusan dukan 'yan kwana-kwanan garin. Don haka a nan, saɓanin abin da ka saba, in wutar ƙarama ce kuma ka yanke shawarar shiga, a buɗe ƙofofi da tagogi zafi da hayaƙi su fita.

Ruwa yana aiki ne saboda yana sanyayawa yana kuma narkar da kayan. Amma ruwa kaɗan ya fi rashin ruwan illa, musamman a kan kulorin na gari. Yayyafi a kan durom ɗin HTH zafi yake tayarwa, ya saki iskar kulorin, durom ya kumbura. Ko dai ka malale shi gaba ɗaya, ko kuma ka bar shi a bushe. Saboda haka ka yi lissafi kafin ka buɗe famfo: in motarka na ɗauke da lita 5,000 kana fitar da lita 500 a minti, minti 10 kake da shi. In babu tankar da ke biye, babu rijiyar burtsatse ko tafki a kusa, kada ka fara jiƙa tarin. Ka yi amfani da abin da ke hannunka wajen kare maƙwabta har ƙarin ruwa ya iso. Kiran tankokin haya tun da wuri kuɗi ne, amma ya fi arha a kan tsayawa da busasshiyar mesa a gaban tari mai tururi.

A yi feshi daga iyakar nisan da ruwan zai kai, a bayan katanga mai ƙarfi. In akwai bututun da ake kafawa a ƙasa ya yi feshi shi kaɗai, a kafa shi a koma baya. In babu, ana ɗaure kan mesa a jikin wani abu mai nauyi. A tare bakin kwata da ƙasa daga nesa, domin narkakken naitiret in ya shiga lambatu ya haɗu da baƙin mai, ya sami matsi da gurɓata a wuri guda.

Wasu nau'o'in NPK masu naitiret kan ci gaba da ruɓewa a tsakiyar tari ba harshen wuta, sai hayaƙi mai kauri. Feshin sama ba ya isa can; sai an soka bututu cikin tarin ruwa ya kai inda zafin yake.

Mataki na biyar: kayan jiki

Duk wanda zai shiga inda hayaƙi ke kaiwa sai da tukunyar iska ta baya da abin rufe fuska gaba ɗaya. Takunkumin asibiti da jiƙaƙƙen hankici ba sa tare kulorin ko hayaƙin naitiret. Rigar kashe gobara zafi take tarewa, kariyarta daga sinadari kaɗan ce. In tukunya biyu kuke da ita, mutum biyu ne za su matsa, saura su tsaya ta inda iska ke fitowa.

In zubewa ce babu wuta

A janye katako, takarda, mai da tsummoki daga wurin. Kada a zuba garin katako a kai, kada a share da tsintsiyar da ta taɓa mai. Kulorin na gari da man birki ko baƙin mai in sun haɗu wuta suke tayarwa da kansu. A kwashe da shebur mai tsabta busasshe, a zuba a bokiti mai tsabta busasshe, a ɗora murfi sako-sako ba a danne ba. Kada a mayar da wanda aka kwashe cikin durom na asali. Kada a haɗa kulorin na gari da na ƙwaya a mazubi ɗaya, kuma a nisanta su da ruwan batir da duk wani asid.

Bayan wuta ta mutu

A ci gaba da sanyayawa, a bar mai tsaro, domin tarin kan sake ɗaukar zafi. Ruwan da ya gangaro a tare shi kada ya bi kwata ya faɗa kogin Kubanni ko rijiyoyin unguwa, a kuma sanar da hukumar kula da muhalli ta jiha. Riga da safar hannu da mesa a wanke su da ruwa mai yawa nan take. Tufar da ta sha wannan sinadari in ta bushe a haka, tartsatsi kaɗan ya ishe ta. Wanda abin ya taɓa wa ido ko fata a zuba masa ruwa mai gudu aƙalla minti 20.

Wanda ya shaƙi hayaƙin nan ruwan goro a kai shi asibiti ko da ya rantse lafiyarsa ƙalau. Ruwa kan taru a huhu bayan sa'o'i, wani lokaci sai washegari. A zaunar da shi, kada ya koma ɗaukar mesa, a tafi da shi asibitin koyarwa na Shika ko asibitin da ya fi kusa, a riƙe masa buhun ko lambar kayan a nuna wa likita.