Kafin ka sauya faifan birkin motarka: kurakuran da aka fi yi da yadda ake gyara su

Samari masu Mercedes da BMW da Lexus a cikin Katsina sun shiga yayin sauya faifan birki. Mota na tsayawa a Ƙofar Ƙaura za ka hango shi ta tsakanin rim, faifai mai huji-huji, kalifa (ƙarfen da ke matse faifan) ta sha jan fenti. Kyan gani kam akwai. Sai dai da yawansu ba a jimawa suke komawa gareji da kuka iri ɗaya: sitiyari na rawa in an taka birki, ko kuma an kashe kuɗi motar ba ta fi da tsayawa ba.

Tushen matsalar shi ne zaton cewa faifai ke tsayar da mota. Taya ce ke riƙe kwalta. In birkinka na asali yana iya sa ABS, wato na'urar da ke hana taya kullewa, ya fara bugun tafin ƙafarka, to ya riga ya fi ƙarfin tayar, ƙara masa girma ba zai rage maka tazarar tsayawa ba. Aikin faifai shi ne ya shanye zafi ya watsar da shi. Kuma zafin ba daidai da gudu yake ƙaruwa ba: wanda ya tsaya daga gudun kilomita 160 a awa ya zuba wa faifansa ninki huɗu na zafin wanda ya tsaya daga 80. A filin tsere, inda kowace kwana sai an danne birki, faifai kan wuce digiri 600 har ya yi jajawur. Nan ne babban faifai ke cin kuɗinsa. Amma kai da hanyarka ita ce Katsina zuwa Daura ta Mashi, ko Kano ta Kankiya, ba gangaren dutse ba komai, fara da taya. Duba lambobi huɗun da ke jikinta: 2319 na nufin an ƙera ta a mako na 23 na shekarar 2019. Sabon faifai a kan tsohuwar tayar Beljiyam asarar kuɗi ce kawai.

Bayan taya sai man birki, wanda kusan ba mai tunawa da shi sai ya yoye. Man nan yana shan danshin iska. Man birki samfurin DOT 4 sabo ba ya tafasa sai a digiri 230, amma in ya sha ruwa yana iya tafasa tun a 155. Da ya tafasa sai feda ta yi laushi ta nutse ƙasa, mai mota kuma ya ɗora wa faifai laifi. A zubar da shi gaba ɗaya duk shekara biyu, ba ciko ba, kuma daga kwalbar da aka ɓalle a gabanka. DOT 5.1 yana haɗuwa da DOT 4, ya kuma fi shi jure zafi. DOT 5 kuwa wani abu ne daban, kada a kuskura a gauraya su.

Yanzu batun hujin. Kowane huji wuri ne da tsaga za ta iya farawa idan ƙarfe yana zafi yana hucewa, shi ya sa masu tsere da gaske suka fi amfani da faifai mai zirin tsagi ko ma sumul. Mai huji na kamfanin kirki yana zama lafiya a kan titi. Abin gudu shi ne mai arha, da wanda aka ɗauki faifan asali aka kai wa mai injin huda ƙarfe. Wannan na biyun ni ban yarda a shiga motarsa ba. In ka ga tsaga ta haɗa huji biyu, ko ta kai bakin faifai, a cire shi ranar. Haka murfin roban nan mai tambarin kamfanin birki na Brembo da ake mannawa a kan kalifa: ba abin da yake yi sai tare iska.

Mafi yawan ɓarna a wurin ɗaurawa take faruwa, kuma nan ya kamata mai mota ya tsaya da ƙafarsa ya gani. Idan aka cire tsohon faifai, fuskar hob ɗin da yake zaune a kai tana cike da tsatsa da yashi. Yaron gareji zai hura ta da baki, ya goge da tafin hannu, ya kifa sabo. Ɗan karkacen da aka yarda da shi a nan kusan 0.05 ne na milimita, bai kai kaurin gashin kai ba. Ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta sa faifai ya riƙa gogar fad, wato takalmin birki, a gefe guda a kowane juyi, har kaurinsa ya bambanta. Sai rawar sitiyari ta zo, oga ya ce, "Alhaji, faifan ne ya kantare, a kai a kankare." Sau da yawa bai kantare ba. A sa burushin waya a goge hob ɗin har ya yi sheƙi, a wanke maiƙon hana tsatsa da ke jikin sabon faifai, sannan a ɗaura. Notin taya kuma ba a hawa kan sifana da ƙafa ana tsalle. Ana ɗaure su a tsallake, wannan sannan wanda ke fuskantarsa, da sifana mai awo. Corolla da Camry, alal misali, awon ɗauri na 103 Nm suke buƙata.

Wasu faifan suna da na dama da na hagu, saboda fikafikan da ke tsakiyarsu a karkace suke don su zuƙo iska daga ciki su fesar waje. In aka musanya su, iska ba ta bi yadda ya kamata. A bi alamar L da R, ba inda tsagin waje ya kalla ba. Kuma faifai biyu ake sauyawa tare, da sabon fad, ba a mayar da tsoho.

Fad ɗin ma akwai tarko. Na tsere sai ya ɗauki zafi yake kamawa sosai. Da asuba a sanyin hunturu, ka fito daga gida mai babur ya gifta, lokacin za ka gane bai dace da gari ba. Ga ƙara, ga cin faifai. Nemi wanda aka yi don titi.

Bayan an ɗaura, sai an saba wa fad da faifai. In kamfanin ya ba da nasa bayani, shi za a bi. In babu, sami miƙaƙƙen titi da ba kowa, ka taka birki da ɗan ƙarfi daga 80 zuwa 20 kamar sau takwas zuwa goma, ba tare da tsayawa cak ba, sannan ka yi tafiyar minti goma ya huce. Wannan ke shimfiɗa garin fad daidai a fuskar faifai. Wanda ya tsaya ya danne feda faifai na zafi, fad ya bar tambarinsa a wuri ɗaya, rawa ta samu. Daga doguwar tafiya kuma kada a wuce kai tsaye wurin wankin mota a feshe faifai da ruwan sanyi.

Kankarewa ba laifi ba ce, amma tana da iyaka. A gefen faifai an buga MIN TH da wata lamba, wato kaurin da in ya kai ya ƙare. A auna kafin a kai inji.

Wanda kuma ya dage sai babban faifai da babbar kalifa, ya sayi haɗin da aka ƙera wa samfurin motarsa, don kada ƙarfin birkin gaba da na baya su saɓa. Ya gwada rim ɗinsa tukuna, ya kuma gwada safaya, domin sau da yawa ba ta shiga kan babbar kalifa. In tayar gaba ta fashe a hanya, sai a sa safayar a baya, a dawo da ta bayan gaba.