Yadda nake mayar da gilashin babur baƙi

Abin da muke kira gilashin babur, wato na gaba mai tare iska, roba ne, shi ya sa fetur da tina (ruwan tsinka fenti) ke cinye shi, ya dushe ko ya tsattsage. Kada su taɓa shi. Kwance shi, ka wanke da ruwan sabulu, ka bari ya bushe sarai.

Ni ta ciki nake fesawa. Robar ce za ta ba ka sheƙi ta waje, kuma tsakuwar da motoci ke watsowa a hanyar Jos zuwa Bukuru ba za ta kankare fentin ba. Goga cikin a hankali da samfefa mai laushi, lamba 800, don fenti ya kama. Wajen kuma rufe shi da jarida da salatif, har bakin gefe.

A Dilimi, cikin garin Jos, nemi fentin gwangwani wanda aka rubuta yana kama roba. Girgiza shi sosai, ka riƙe nesa kamar taƙi guda, hannu na tafiya ba tsayawa. Shafin farko ya zama yayyafi kawai. Jira minti 15, ka ƙara, har sau 3 ko 4. Mai gaggawa ya lafta, sai fenti ya zubo.

Sanyin Jos na hana fenti bushewa, ƙurar hunturu kuma na manne masa. Yi aikin da rana tsaka, a rumfar da iska ke shiga, da takunkumi a hanci. Ba shi kwana guda kafin ka ɗaura.

Don Allah, in gilashinka dogo ne, ta cikinsa kake hango hanya, kada ka baƙanta shi duka. Fesa rabin ƙasa kawai.