Yadda Ake Samun Izinin Muhalli Ga Babbar Masana'anta A Damagaram, Da Yadda Ake Riƙe Shi

Duk mai son kafa babbar masana'anta a jihar Damagaram, majema ce ta zamani, ko wurin fasa dutse, ko tashar lantarki mai shan gazwal, dole hanyarsa ta bi ta hukumar BNEE, mai tantance tasirin ayyuka a kan muhalli a ƙarƙashin ma'aikatar muhalli. Doka mai lamba 2018-28 ta 14 ga Mayun 2018 ce ta tsara wannan, tare da ƙudurin zartarwarta na Janairun 2019. Takardar da ake nema ita ce shaidar cika sharuɗɗan muhalli, kuma kafin a aza tubali ake karɓarta.

Da farko a miƙa sanarwar aiki: me za a sarrafa, nawa a rana, da wane makamashi, a wane fili, ruwa daga ina. Da ita hukuma ke saka aikin a rukuni, daga A zuwa D. Aiki mai girman matatar SORAZ, wadda ta fara aiki a 2011 tana tace ganga 20,000 a rana na ɗanyen man Agadem, rukunin A ne, mai buƙatar cikakken bincike. Kada a rage adadi don a sauka rukunin B. Ranar da aka ƙara injin, sabon bincike zai taso, ga kuɗi an riga an zuba.

Sai a rubuta sharuɗɗan binciken, hukuma ta amince da su, a ɗauki ofishin ƙwararru da take karɓar aikinsa.

Mataki na uku ne aka fi yi wa riƙon sakainar kashi, alhali shi zai kare masana'anta shekaru masu zuwa: auna halin da wurin yake ciki tun injin bai tashi ba. Hukumar Lafiya ta Duniya, a ma'auninta na 2021, ta sa iyakar ƙura nau'in PM10, wato ƙura mai laushi da ke shiga huhu, a mikrogiram 45 cikin kowace mita kubik ta iska a matsakaicin sa'a 24. Ƙurar hunturu ita kaɗai takan zarce wannan a nan ƙasar. Wanda bai auna ba tun farko, idan mutanen ƙauye suka kawo kukan tari, ba shi da hujjar raba ƙurarsa da ta Allah. Saboda haka a auna sau biyu aƙalla, da hunturu da kuma damina, domin iskar hunturu daga arewa maso gabas take zuwa, ta damina kuwa daga kudu maso yamma. Ƙauyen da hayaƙi bai taɓa ba a Janairu shi zai sha shi a Agusta. A dasa na'ura ɗaya ta inda iska ke fitowa, ɗaya ta inda take nufa. Bambancin da ke tsakaninsu shi ne rabon masana'anta.

Ruwa ma haka. Birnin Damagaram a kan dutse yake zaune, ruwansa daga nesa ake jawo shi, irin su Gogo Machaya da Arunguza, don haka tambayar farko a kowane taro ita ce ta rijiya. A ɗebi ruwan rijiyoyi da tafkunan kewaye a kai ɗakin gwaji, a rubuta zurfin kowace rijiya, a haƙa ƴan rijiyoyin sa ido, ɗaya sama da masana'anta, biyu ƙasa da ita ta inda ruwan ƙarƙashin ƙasa ke gangarawa.

Na huɗu, jin ta bakin jama'a. Zama da magajin gari da mai gari kaɗai bai wadatar ba. A nemi makiyaya, musamman in fili ya taɓa burtali ko mashaya, a kuma yi wa mata zamansu daban, don su ke ɗibar ruwa kuma ba kasafai suke magana gaban maza ba. A rubuta abin da aka faɗa da sa hannun mahalarta.

Daga nan rahoto ya tafi taron tantancewa, a yi gyaran da aka nema, ministan muhalli ya sa hannu. Abin da ke ɗaure mai masana'anta shi ne tsarin kula da muhalli da ke cikin rahoton: kowane alkawari da kuɗinsa da mai alhakinsa. Kada a rubuta abin da ba za a iya yi ba. A kuma tuna akwai izini na daban na wuraren aiki masu haɗari ko cutarwa, wanda dokar 1966 ta kafa.

Yanzu batun riƙe izinin, a fara da bututun hayaƙi. Tun a zane a bar ƙofofin ɗibar samfur da dandamalin tsayuwa mai makari. Ƙa'idar da aka saba ita ce ƙofa ta kasance nisan faɗin bututu sau takwas bayan lanƙwasa, sau biyu kafin baki, don hayaƙi ya miƙe. A ja samfurin ƙura da saurin da hayaƙin ke tafiya. In an ja da sauri fiye da haka sakamako ya fito ƙasa da gaskiya, in an ja a hankali ya haura.

Sakamakon kuma sai an daidaita shi da iskar oksijin, don kada a tsarma hayaƙi da iska a ce ya yi tsabta. Tukunyar tururi mai ƙona mai ana mayar da ita kan kashi 3 cikin 100, manyan injinan lantarki kan kashi 15. Misali, an auna miligiram 400 a tukunya alhali oksijin na kashi 9. A cire 3 daga 21, wato kashin oksijin da ke cikin iskar da muke shaƙa, saura 18. A cire 9 daga 21, saura 12. A ninka 400 da 18 a raba da 12: 600 ke nan, kuma wannan adadin mai bincike zai rubuta.

Matatar ƙura mai buhuna takan faɗi ciwonta ta agogon matsin iska. Matsi ya hau, buhuna sun toshe, galibi saboda laima: hayaƙi mai farar wuta in ya huce ƙasa da digiri 130 ko kusa da haka sai ya zama raɓa mai asid, ta dunƙule ƙura ta ci ƙarfe. Matsi ya faɗi farat ɗaya, buhu ya yage, a duba bakin bututu. A rubuta abin da agogon ya nuna a kowane canjin ma'aikata, a ajiye buhunan canji a sito, domin odarsu daga waje kan ɗauki makonni. A matatar mai kuwa, harshen wutar ƙona iskar gas in yana baƙin hayaƙi, ƙonewa ce ba ta cika ba, sau da yawa don ƙarancin tururi ko iska a bakinsa.

Ranar da masu bincike suka zo, daga Yamai ko daga ofishin muhalli na jiha, littattafai suke fara nema: sakamakon gwaji, shaidar daidaita na'urorin awo, rasiɗin wanda ya kwashe tsohon mai da inda ya kai shi, da rajistar koke-koken jama'a. Littafin da babu ranar lalacewa ko ɗaya a cikinsa shi ya fi jawo zargi, domin babu injin da ba ya tsayawa. A rubuta sa'ar da matatar ƙura ta tsaya, dalili, da sa'ar da aka gyara, a kuma sanar da hukuma a rubuce kafin labari ya kai mata daga ƙauye.