Kurakuran da Aka Fi Yi Wajen Zaɓen Bustar Jita ta Farko da Mutum Zai Haɗa da Hannunsa

Busta ita ce mafi sauƙi a cikin ƙananan na'urorin da mai kaɗa jitar lantarki ke takawa da ƙafa, domin aikinta ɗaya ne: ta karɓi raunannen sautin da ke fitowa daga jita, ta ƙara masa ƙarfi, ta miƙa shi ga amfilifaya, wato na'urar da ke fitar da sautin a lasifika. Wannan sauƙin ne ya sa duk wanda ya fara sha'awar haɗa na'urorinsa da kansa ake ba shi shawarar ya soma da ita, kuma shawarar tana kan hanya. Sai dai masu farawa da yawa suna ƙarewa da akwatin da ba ya fitar da komai sai huci, ko kuma wanda yake aiki amma bai yi abin da suka sa rai ba, kuma idan aka bi diddigi za a tarar tun wajen zaɓen zanen da'irar lantarkin da za a bi aka kauce, kafin a kai ga narka dalma ko sau ɗaya.

Babban kuskuren da ya fi yawa shi ne zaton cewa busta kullum ƙara amo take yi. Abin da take ƙarawa shi ne ƙarfin siginar lantarki, kuma abin da kunne zai ji ya danganta da halin da amfilifaya take ciki lokacin da siginar ta iso. Idan amfilifayar tana fitar da sauti garau kuma tana da sauran sarari, amo zai ƙaru sosai. Idan kuwa ta riga ta kai iyakarta har sautin ya fara kaushi, to ƙarin da aka tura mata ba shi da inda zai je, sai ya koma ƙarin kaushi da daɗewar sauti kafin ya ɗauke, amon kuma ya tsaya kusan inda yake. Haka nan wurin da aka sa ta a jere yana da tasiri: busta kafin na'urar kausasa sauti tana ƙara kaushi, bayanta kuma tana ƙara amo. Akwai kuma bambancin da ba a cika faɗa wa masu farawa ba, wato yawancin bustocin da suka yi suna an ƙirƙiro su ne don tunzura amfilifaya mai bawul (kwalaben gilashi irin na tsohuwar rediyo), wadda ke kausasa sauti a hankali cikin daɗi idan an matsa mata. Ƙaramar amfilifayar koyo mai tiransisto, irin wadda akasarin masu farawa ke da ita a ɗaki, idan aka cika mata sigina takan yanke sautin da tsauri har ya zama kamar ana yaga takarda. Gyaran wannan kuskure ba ya buƙatar ko kwabo: mutum ya zauna ya tantance ko so yake a ji shi sama da sauran makaɗa lokacin da ya karɓi waƙa shi kaɗai, ko kuwa so yake sautinsa ya yi kauri, sannan ya dubi amfilifayar da ke gabansa kafin ya dubi kowane zane.

Daga nan sai kuskuren bin suna. Wanda ya karanta tarihin jita zai ci karo da Rangemaster, wadda kamfanin Dallas na Landan ya fitar a tsakiyar shekarun 1960, kuma zai ji cewa fitattun makaɗan jita Rory Gallagher da Tony Iommi da Brian May duk sun gina sautinsu a kanta ko a kan irinta. Idan ya duba zanen ya ga tiransisto ɗaya ne da 'yan kayayyaki da ba su kai goma ba, sai ya ce ai wannan ce ta dace da mai koyo. A ganina babu zanen da ya fi wannan yaudarar mai farawa, kuma dalilan suna da yawa. Na farko, ita ba ta ƙara dukkan sauti daidai wa daida. Kafasiton da ke bakin shigarta ƙarami ne ƙwarai, kimanin nanofarad 5, don haka yana tare kauri ya bar siririn sauti ya wuce, abin da aka yi da gangan domin amfilifayoyin Ingila na wancan zamani irin su Vox AC30 sukan yi duhu idan an ƙure su. A haɗa ta da amfilifaya mai haske da aka bari garau, sai sautin ya fito siriri yana sukar kunne, mai ita kuma ya ɗauka ya yi kuskure a haɗi alhali na'urar aikinta take yi.

Dalili na biyu ya fi nauyi, shi ne tiransiston jamaniyam da take amfani da shi, irin su OC44. An daɗe da daina ƙera waɗannan da yawa, ragowar da ke yawo a kasuwa kuwa kowanne da halinsa, wani ƙarfinsa ya yi ƙasa, wani kuma yana yoyon wuta fiye da kima, ta yadda sai an auna da dama kafin a sami mai kyau ɗaya. Sannan yoyon jamaniyam yana ƙaruwa da zafi, kusan yakan ninka duk lokacin da zafi ya hau da digiri 10. Wannan magana ce da ya kamata mai kaɗa jita a Kano ko Agadas ya ɗauka da muhimmanci, domin na'urar da aka daidaita da sanyin safiya a ɗaki za ta iya canza hali gaba ɗaya a filin biki cikin watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40. Na uku, OC44 nau'in PNP ne, kuma a ainihin zanen ɓangaren batir mai alamar tarawa ne ake haɗawa da ƙasa (wato wayar da dukkan da'irar ke komawa gare ta), akasin yawancin na'urorin yau. Duk wanda ya ciyar da ita daga adafta ɗaya da sauran na'urorinsa ta waya mai rassa ya haɗa wuta da ƙasa kai tsaye ke nan. Ba cewa nake kada a gina Rangemaster ba, domin sautinta a inda ya dace abin so ne, amma a bar ta ta zama aiki na uku ko na huɗu.

Kusan irin wannan matsala ce ke tattare da zanukan da ke amfani da tiransiston JFET kamar J201 da 2N5457. Guda biyu masu lamba ɗaya suna iya bambanta ƙwarai, don haka dole a daidaita kowanne da mita, wato na'urar auna wuta, kuma tun da aka rage ƙera masu dogayen ƙafafu, na jabu sun yi yawa. Mai farawa da ya sayi jabu ba shi da hanyar sanin ko laifin hannunsa ne ko na kayan.

Zanen da nake ba da shawara a fara da shi shi ne LPB-1 na Electro-Harmonix, kamfanin da Mike Matthews ya kafa a New York a 1968. Tiransiston silikon ɗaya ne nau'in NPN, galibi 2N5088, da rizisto huɗu, da kafasito biyu, da maɓallin murɗawa ɗaya mai kilo-om 100. Kayan duk masu araha ne, ana samun su ko makamantansu a wurin masu sayar da kayan gyaran rediyo, ba sa damuwa da zafi kamar jamaniyam, kuma idan abu ya ƙi aiki wuraren da za a duba ba su da yawa. Tana ninka sigina kusan sau 20, wanda ya wuce abin da yawancin mutane ke buƙata. Tana da nata aibi, kuma gara a san shi tun da wuri: turjiyar bakin shigarta, wato yadda take tirje wa wutar da ke fitowa daga jita, ba ta kai kilo-om 100 ba, alhali amfilifaya takan ba jita kusan megom 1, saboda haka tana ɗan danne siririn sauti ta sa jita ta yi kauri. Ga jita mai kaifin murya wannan alheri ne, ga mai duhun murya kuma yana iya yin yawa. Wanda yake son haske yana iya duba zanukan da ke amfani da tiransisto nau'in MOSFET mai lamba BS170, irin Super Hard On ta kamfanin ZVEX ko bustar Jack Orman, waɗanda turjiyarsu ke kai miliyoyin om, amma ya sani cewa wutar da ke taruwa a jikin mutum lokacin hunturu tana iya kashe MOSFET da taɓawa ɗaya, kuma ƙarar ƙas-ƙas da Super Hard On ke yi idan ana murɗa maɓallinta daga zanen take, babu abin da ya lalace.

Bayan an zaɓi zane, kuskuren da ya fi cin mutane shi ne musanya tiransisto ba tare da duba jerin ƙafafunsa ba. Mai shago zai ce babu 2N5088 amma ga BC549, kuma gaskiya ne zai yi aikin, sai dai ƙafafunsu a juye suke. Idan aka fuskanci gefen da yake shafaffe ƙafafu suna kallon ƙasa, 2N5088 da 2N3904 suna farawa da ƙafar da ake kira emita daga hagu su ƙare da wadda ake kira kolekta, BC547 da BC549 kuwa da kolekta suke farawa. Haka BS170 da 2N7000 suke, ɗaya kishiyar ɗaya. Tiransiston da aka sa a juye wani lokaci ba ya yin shiru gaba ɗaya, sai ya fitar da ɗan sauti mai rauni, wanda hakan ke sa mutum ya yi ta neman laifin a wani wuri. Magani shi ne a nemo takardar bayanan lambar da ke hannu a duba, kuma a sa ɗan soket a kan allo maimakon a like tiransiston kai tsaye, ta yadda za a iya cire shi a juya ko a gwada wani.

Wannan ya kawo mu ga gaggawar da ke sa mutum ya tsallake allon gwaji, wato farin allon nan mai ramuka da ake cusa kaya ba tare da dalma ba. Minti talatin a kansa suna nuna ko zanen ya dace da jitar mutum da amfilifayarsa, kuma a nan ne ake koyon abin da kowane kaya ke yi: a cire kafasiton shiga mai mikrofarad 0.1 a sa mai nanofarad 10, nan take za a ji kauri ya ragu. Tare da allon gwaji dole a mallaki mita, ko da mafi araha ce. A LPB-1 da ke cin bolt 9, ana sa ran kolekta ta nuna wajen rabin wutar, kusa da bolt 4.5, domin sigina ta sami sararin hawa da sauka. Idan ta nuna kusan 9, tiransiston bai kunnu ba. Idan ta nuna kusan sifili, ya cika ya toshe. Wannan awo ɗaya yana warware yawancin matsaloli, kuma ya fi zaman sake narka kowane gaɓa bisa zato.

Wuta ma tana da nata tarko. Na'urorin jita sun bi tsarin da kamfanin Boss ya yaɗa, wato bolt 9 da fulogi mai milimita 2.1 wanda tsakiyarsa ce mai alamar ɗebewa, alhali yawancin adaftocin kayan gida tsakiyarsu ce mai alamar tarawa. A ɗauko irin wannan adafta a cusa, sai wuta ta shiga a juye ta lalata kafasito ko tiransisto. Ƙari a kan haka, adafta mai arha wadda ba ta da mai daidaita wuta takan ba da fiye da abin da aka rubuta a jikinta, ta kuma shigo da gurnani, wanda busta za ta ninka tare da sautin jita. A yi gwajin farko da batir mai bolt 9, a sa dayod na kariya irin 1N5817 a kan hanyar wuta, kuma a sayi soket ɗin wuta na roba, domin na ƙarfe zai haɗa ɓangaren tarawa da jikin akwatin.

Akwati da wayoyinsa su ne ɓangaren da masu farawa ke rainawa, alhali a nan aka fi ɓata lokaci. Mutum ya ga hoton ƙaramin akwati mai lamba 1590A ya yi sha'awa, bai san cewa cusa jak biyu da makunnin ƙafa da soket a cikinsa aiki ne na wanda hannunsa ya faɗa ba. Mai lamba 1590B ko 125B ya fi dacewa, kuma ya kasance na ƙarfe da aka haɗa da wayar ƙasa, domin akwatin roba ko na katako ba ya kare da'irar daga hucin fitilu da na wayoyin gida. Makunnin ƙafa mai ƙafafu tara yana da gefe, kuma idan aka juya shi kwata ɗaya haɗin duka ya rikice. Sannan ba ya jure zafi, don idan ƙarfen dalma ya daɗe a kan ƙafa ɗaya robar ciki takan narke. Ƙarfe mai wat 25 zuwa 40 ya isa, da dalmar kayan lantarki mai ƙaro a cikinta, ba ruwan asid ɗin masu gyaran famfo ba, wanda ke cin tagulla a hankali. Idan an gama aka ji na'urar tana yin ƙara tas duk lokacin da aka taka ta, galibi wutar da ta taru a kafasiton shiga ce, kuma rizisto mai megom 1 daga bakin shiga zuwa ƙasa yakan kawar da ita.

Sai maɓallin murɗawa, wanda kuskurensa ƙarami ne amma yana ɓata jin daɗin aiki. A yawancin waɗanda ake sayarwa yanzu, mai harafin A an yi shi ne daidai da yadda kunne ke jin hawan amo, mai harafin B kuma yana hawa daidai wa daida. Idan aka sa B a inda LPB-1 ke son A, duk ƙarfin zai taru a farkon murɗawa, sauran zagayen kuma ya zama kusan babu bambanci. Idan kuma aka ga amo yana raguwa lokacin da aka murɗa dama, wayoyin ƙafa ta ɗaya da ta uku ne aka musanya, sai a cire su a mayar da kowace wurinta, a bar ta tsakiya yadda take.